Yadda Aka Hutar da Inna Ramma

Duk shekara sai an turo mini ku, 'yan istaj masu koyon aiki, da fararen rigunanku masu ƙamshin guga, kuma duk shekara abin da nake gani a idonku ɗaya ne. Gani kuke wanda aka ba jinyar tsofaffi ya huta. Babu karɓar haihuwa, babu jinin haɗarin kabu-kabu, babu yaro mai suma a hannunka. Ka ɗaura wa tsoho abin awon tansiyo, wato hawan jini, ka matsa, ka miƙa masa ƙwaya, ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ka kama gabanka. Wata a cikinku har ce mini ta yi, "Madam Saratu, ai ke kin dace, tsoho ba shi gudu." Gaskiya ne, ba ya gudu. Ni dai a cikin aikin nan na yi furfura, a asibiti da gidajen mutane, daga Tsibiri har Maraɗi, amma yau in kuka tsare ni kuka ce in faɗa muku mene ne kula da tsoho, kame-kame zan yi ta yi. Da na sani, ko kuwa ina tsammanin na sani. Wata tsohuwa 'yar Jiratawa ce ta dagula mini tunani, kuma har yanzu bai kwanta ba.

Tsohona na farko a hannun Majo Illa na same shi, a ƙaramin asibitin da aka tura ni koyon aiki a Tsibiri. Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na wurin, dogo, mai faɗa, ba ya maimaita magana. Aka kawo wani dattijo a amalanke, an ce ƙarfi ya ƙare masa. Na auna tansiyo, na auna zafin jiki, na tambaye shi ina ke masa ciwo, ya ce lafiya lau. Na je na gaya wa Majo ban ga komai ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya taso, ya tambayi ɗan tsohon ina takalmin babansa. Ɗan ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce rabon da a ga takalmin nan tun kaka. Majo ya kama tafin ƙafar tsohon ya murza da babban yatsa, ya ce in taɓa. Laushi kamar na jinjiri, mutumin da ya yi rayuwarsa a gonar gero.

"Wanga ba ciwo gare shi ba, ajiye shi anka yi," in ji Majo. "Tsohon ƙasag ga ko ranshi na hita, lahiya lau zai ce maki. Bar bakinai. Dubi tahin ƙahwa, dubi baya, shinshina ɗakin da shike kwana, ki leƙa kwanon abinci tun ba a ɗauke ba."

Maganin da Majo ya ba shi ke nan: 'ya'yansa su riƙe shi ta hammata safe da yamma su taka da shi zuwa bakin ƙofa, in ƙofa ta samu a nufi masallaci. Damina ba ta faɗi ba sai ga tsohon da ƙafarsa ya kawo wa Majo ƙwan zabi a ƙwarya. Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya da hannu biyu: tsoho ya motsa. Ko mene ne zai faru, ya motsa.

Kun ga baƙar jakar nan da kuke yi wa dariya? Da na ajiye aikin gwamnati na shiga bin gidaje, ita ce asibitina. Abin awon tansiyo mai famfo ne a ciki, ba na batir ba, don na batir ranar da ka fi bukatarsa ranar yake mutuwa. Akwai almakashi mai ƙarfi, domin farcen ƙafar tsoho ba ya jin reza. Akwai man kaɗanya na shafa baya da dugadugai, da tocila ta leƙa baki da matsematsi, da ledar shimfiɗa, da safar hannu, da ƙaramin cokali. Sai wani tsohon zane mai ƙwari da na naɗe, wanda nake ɗaura wa mutum a ƙugu in riƙe ta baya in muna koyon tafiya. Wannan zanen babu shi a littafin lakwal, wato makaranta, amma ya fi komai aiki a jakar nan.

Abin da ba za a gaya muku a aji ba shi ne, wanda ya kira ka daban, wanda kake jinya daban, kuma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. Na shiga gidan da mutum ya fi talatin, kowa yana son tsohon kamar ransa, amma gyambo ya ci masa baya babu wanda ya sani. Matansa sun rasu, surukai suna jin kunya, 'ya'ya maza ba sa iya buɗe uba. Kowa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe shi, ya ce lafiya lau, a tashi. Irin wannan gidan ba ya ba ni wuya. In na juya shi na nuna musu, kuka suke yi su ce me za mu yi, sai in koya musu.

Shekarar da ta kusa raba ni da sana'ar, tsofaffina uku ne suka rasu bi da bi. Biyu dama kowa ya san sun kusa. Na ukun shi ne Baba Nomau, tsohon mai sayar da hatsi a Sabon Gari. Na same shi kwance bayan doguwar rashin lafiya, na yi masa irin na Majo, zane a ƙugu, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa zaure, har ya koma zuwa masallaci da sandarsa. Wata safiya bayan an yi ruwa santsi ya kwashe shi a bakin kwata, ƙashin ƙugu ya karye, bai ƙara tashi ba. 'Ya'yansa suka ce da na bar musu uba a kwance da yanzu yana nan. Magana ta zaga gari, aka ce Saratu farar ƙafa gare ta, gidan da ta shiga sai an shimfiɗa tabarmar makoki. Wayata ta daina kuka. Na hau kabu-kabu na tafi Tsibiri wurin Majo, lokacin shi ma tsufa ya zaunar da shi a ƙofar gida. Ya saurare ni ya ce, "Da kin bar shi kwance, da kwance ya mutu." Na ce na yarda, Majo, amma da yaushe? Sai ya ce a kawo mini ruwa.

Ina cikin wannan zaman ne mota ta zo ɗaukata zuwa gidan Alhaji Issufu, babban ɗan kasuwa mai kawo atamfa da shinkafa, ƙafa ɗaya Kwatano ƙafa ɗaya Kano. Mahaifiyarsa ce ba lafiya, Inna Ramma. An kai ta kilinik, an yi awon jini, an ɗauki hoton ƙirji, dokta ya ce bai ga komai ba sai tsufa, a nemi mai kula da ita a gida. Ta ƙi yarda masu aiki su yi mata wanka, matar Alhaji kuwa, Hajiya Balki, suruka ce, kunya ba ta barin ta.

Ɗakin da aka kai ni ban taɓa ganin irinsa ba. Daɓen karo, wato tayil, mai sheƙi, kilim yana ta hura sanyi, gado mai tudu wanda ni kaina sai na yi ɗage, ga kujerar turawa sabuwa fil a gefe. A tsakiyar gadon wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce ta ƙura wa silin ido. Na gaishe ta, ta ce lafiya lau. Na leƙa ƙarƙashin gado na ga takalma masu tsada jere, ko ɗaya ƙasansa bai taɓa ƙasa ba. Na murza tafin ƙafa, ya fara laushi. Cinya ta zube, ciki ya ɗaure, kwanon farfesun kaza yana nan yadda aka kawo shi. Tansiyo kuwa ƙalau.

Hajiya Balki ce ta ba ni labari a baranda, da murya ƙasa-ƙasa. Bara warhaka, in ji ta, tsohuwar nan da ƙafarta take zuwa garkarta, wato lambunta, a Jiratawa kowace safiya, ta karyo zogale, ta tsige, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli ta sayar a ƙofar gida. Alhaji ya gina mata gida, yana aika mata komai, ta ƙi bari. Rannan a wurin wani ɗaurin aure, cikin manyan mutane, wani abokin kasuwarsa ya ce, "Alhaji, jiya na biyo ta Jiratawa na sayi kwaɗo wurin tsohuwarka, wallahi hannunta bai canza ba." Aka yi dariya. Washegari Alhaji ya je da kansa ya ɗauko ta. Ya kafa doka a gidan: buta a ɗaukar mata, abinci a kai mata har gado, in za ta fita tsakar gida a tura ta a kujera. Da farko ta yi faɗa, ta nemi tsintsiya aka ɓoye. Daga baya ta yi shiru. Yanzu ga shi ba ta iya tashi, kuma hankalin ma ya fara tafiya yana dawowa. Takan tambaya ko an saki ruwa a garka. Takan yi ta kiran Tanko.

Na ce wane ne Tanko?

Hajiya ta waiga hagu da dama. "Alhaji ne. Sunanshi na yarinta. Ba mai hwaɗinshi gidan ga. Amma in ya shigo gaishe ta da babbar riga, sai ta gyara lulluɓi ta ce sannu da zuwa Alhaji, kamar ta ga baƙo."

Da yamma Alhaji ya kira ni falonsa. Na gaya masa gaskiya, cewa mahaifiyarsa ba ciwo gare ta ba, zama ne ke cinye ta, in ba ta taka ƙasa ba ƙafafun za su tafi, in suka tafi kuwa sauran jiki biyo su yake yi. Ya bar ni na gama tsaf. Ba mutumin banza ba ne, wannan ku riƙe shi, don da mugu ne da labarin ya zo mini da sauƙi.

"Madam," ya ce, "matag ga da ni goye ta yi dakau gidajen mutane. Ta yi sussuka, ta ɗebo ruwa ta saida, hannunta ya tsage har jini. Ranad da ubana ya rasu ko mudu ɗaya babu ɗakinmu. Na yi ma Allah alkawali in ya buɗa mani, ko tsinke ba ta ƙara ɗauka. Yanzu ya buɗa, sai ki ce in maida ta wahala? Mi zan ce mashi?" Sannan ya ƙara, "Na ji labarin Baba Nomau. Ban kira ki don tahiya ba. Ki wanke ta, ki shahwa mata mai, ki lallashe ta ta ci abinci. Hutu nike so ta yi."

Na fito. Wallahi maganarsa ta shige ni. Ni ma ina da uwa, na san abin da ake ji in an ga tsohuwar mutum a rana. Ga Baba Nomau bai daɗe a ƙasa ba. Na ce a raina, Saratu, wanke ta kawai, shafa mata mai, ki rufa wa kanki asiri.

Haka na yi ta yi, har wata safiya ina yanke mata farce na lura da hannunta ɗaya. Yatsun suna kama gefen zane, su matse, su ja zuwa ƙasa, su saki, su sake komawa sama. Hajiya ta ce tun tuni take haka, har an kawo malami ya yi tofi. Na zauna ina kallo. Ba karkarwa ba ce, aiki ne, akwai tsari a ciki. Na ce, "Inna, mi kike yi?"

Ba ta dube ni ba ta ce, "Rana na yi, ɗiyata, ban gama tsiga ba."

Washegari na tsaya a kasuwa na sayi ɗaurin zogale ɗanye, na cusa a jaka ƙarƙashin abin awon tansiyo. Na rufe ƙofa, na ɗora mata faranti a cinya, na sa mata reshe a hannu. Ta shinshina. Ta ce, "Wanga ba na Jiratawa ba ne, ya sha taki da yawa." Sannan hannun ya kama aiki, kafin in gyara shimfiɗa ta tsige shi tas, ta ware ƙananan tsinke gefe, tana tambayata ko shi ke nan. Ranar ta sha fura rabin kofi ba tare da lallashi ba.

Daga nan dabara ce irin ta Majo, sai dai a maimakon masallaci faranti ne. Na sa Hajiya ta nemo tabarmin kaba aka shimfiɗa a kan karon nan mai santsi. Na ajiye farantin a ƙasa na ce, Inna, bisa gado ganye na ɓata zane. Na ɗaura mata zanena a ƙugu, muka sauko da ita, tana nishi tana zagina. Da saukowa ta zama ba komai ba, farantin ya koma bakin ƙofa, wai can ya fi haske. Daga ƙofa ya koma baranda. Tana takawa ina riƙe da zanen ta baya, duk takun da ta yi Baba Nomau nake gani. Amma ƙafa ta ɗauka. Cikin ya saki. Ta fara gane jikokinta tana kiran kowa da sunansa, ta yi wa mai dafa abinci faɗa a kan gishiri, ta yi raka'ar farko a tsaye tana dafe da bango. Da muka kai bayan gida kusa da madafa, ta ce ganyen da aka tsige ba a barinsa ya kwana, a ba ta tukunya. Aka ba ta tukunya da gawayi. Ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, ta ci da hannunta. Yaran gidan suka zo za su ɗiba ta ce ba a cin sana'a kyauta, dole Hajiya ta riƙa ba su 'yan canji suna saye.

Alhaji kuwa yawanci yana kan hanya. In ya dawo, kafin ya shigo gaisuwa mun mayar da ita gado mun naɗe tabarmi. Ya ga ta yi kumatu, ido ya washe, ya yi ta murna, ya ce mini, "Kin gani, Madam? Hutu." Na buɗe baki zan yi magana Hajiya ta taka mini ƙafa. Ta ce mu bari sai tsohuwar ta yi ƙarfi sosai, ranar sai ta tako da kanta ta tarbe shi a zaure, ya gani da idonsa. Na ga maganarta da hankali. Ita ma Inna ta gane yadda ake ciki ba tare da an gaya mata ba. Da ta ji ƙarar mota a ƙofar gida sai ta yi wuf ta tura faranti ƙarƙashin gado, ta ja bargo, ta ƙura wa silin ido. Mukan yi dariya ni da Hajiya.

Ranar da abin ya fashe, an ce sai jibi zai dawo. Ya dawo da hantsi, da baƙi daga Kano da wasu manyan 'yan kasuwar garin nan, zai kai su su gaida mahaifiyarsa. Bayan gida ba a jin mota. Suka shiga ɗaki, gado wayam. Suka biyo tabarmin da muka jera har madafa. Ga Inna Ramma zaune a ƙasa, zane ɗaure a ƙirji, hayaƙi yana tashi, kwanon kwaɗo a gabanta, ni kuma ina gefe ina yanka mata albasa. Ta ɗaga kai ta ga manyan riguna sun kewaye ta, fuskarta ta cika da fara'a irin wadda ban taɓa gani ba.

"Marhabin, marhabin," ta ce. "Na nawa za a zuba maku?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi. Wani daga cikin baƙin, don kara, har ya sa hannu a aljihu. Alhaji ya juya. Ya raka baƙinsa, ya dawo shi kaɗai, ya sunkuya ya ɗauki uwarsa cak a hannu kamar yarinya, tana cewa tukunyarta za ta ƙone, ya kai ta gado ya lulluɓe ta. Da ya fito hawaye ne a fuskarsa.

"Na ba ki amanar uwata, kin maida ta mai talla cikin gidana."

Na ce, "Alhaji, da ƙahwarta ta zo nan. Daga ɗaki har nan, da ƙahwarta. Dubi tabarmin ga."

"In ta hwaɗi hwa? Rantse mani ba ta hwaɗuwa."

Na tsaya. Wa zai iya wannan rantsuwa? Na ce ba ni iyawa.

"To kin ji," ya ce. "Direba ya maida ki."

Ina fita ana naɗe tabarmi. A mota na yi ta juya abin, ban iya tsayar da shi wuri ɗaya ba. In na ce shi ne bai da gaskiya, sai in tuna dakau da goyo, in tuna bai nemi komai ba sai uwarsa ta huta. In na ce ni ce ba ni da gaskiya, sai in tuna fuskarta a gaban kwanon nan. Haushi na ji, kunya na ji, kuma ban san wanne ya kamata in ji ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka, sannan Hajiya Balki ta kira ni. Ta ce Alhaji ne da kansa ya ce a nemo ni, in zo don Allah. Tun daga tsakar gida na ga abin mamaki: zogale ne tuli guda a baranda, ɗauri a kan ɗauri, an ce da asuba aka ciko mota daga Jiratawa, daga garkarta. An sake shimfiɗa tabarmi tun daga bakin gado har madafa. An kashe kilim, an buɗe taga.

Inna tana kwance ta gefe, ta juya wa ƙofa baya, gwiwoyi sun haɗe da ƙirji. Hajiya ta ce tun bayan tafiyata ta daina magana sai jefi-jefi, abinci sai an ɗura. Na wanke hannu, na kama ƙafar dama na ja a hankali don in miƙar. Ta ƙi. Na shafa man kaɗanya na murza bayan gwiwa na sake ja, tsohuwar ta yi wani nishi, na saki. Jijiya ta riga ta ƙage, ta hagu ma haka. Na haska tocila a ƙugu na ga fata ta fara buɗewa. Zanena yana cikin jaka, ban ko fito da shi ba.

Alhaji ya shigo ba babbar riga, ba hula, daga shi sai 'yar shara. Ya ɗauko faranti da reshen zogale, ya zagaya inda fuskarta take, ya zauna a ƙasa dirshan. Ya fara tsiga. Bai iya ba, yana haɗawa da tsinke, ganye yana zubewa a kan tabarma.

"Inna," ya ce, "dubi, na garkarki ne. Haka ake yi? Na mance. Tashi ki gwada mani."

Ta daɗe tana kallonsa. Can idon ya ɗan motsa.

"Tanko?"

"Na'am, Inna. Ni ne."

Ta miƙo hannu, ya matso da farantin da sauri yana tsammanin ganyen za ta kama. Ba ganyen ta kama ba, wuyan hannunsa ta riƙe. Ta saurara kamar mai jin ƙarar mota, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ɓoye shi, ɗana. Tura ƙarƙashin gado, maza. Alhajin gidan ga ba shi so."

Ya zauna riƙe da farantin, bai tura ba, bai ajiye ba. Hajiya ta toshe baki da mayafi ta fita. Can ya ɗago ya dube ni, babban mutum da ake tashi tsaye in ya shigo kasuwa, ya ce, "Madam, mi za a yi?"

Na buɗe jakata na duba, almakashi, tocila, cokali, zane. Na rasa wanda zan ɗauka. Sai na ciro abin nan da kuke cewa shi ne aikin, na ɗaura mata a damtse, na matsa, na saurara. Na gaya masa tansiyonta lafiya lau.